Inuwa da Darajarta a Birnin Abuja

Shirin na yau zai yi bayani ne a kan inuwa, ta hanyar wata kalma ta Latin, wato harshen tsoffin Rumawa wanda masana tsirrai ke raɗa wa shuke-shuke suna da shi.

Kalmar ita ce umbrosus, siffa ce da ke nufin abu mai yalwar inuwa, kuma ta samo asali ne daga umbra, wato inuwa. Tun da Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya daidaita tsarin bai wa kowane tsiro suna mai kalmomi biyu a shekarar 1753, masana ke liƙa wannan siffa ga tsiron da ke tsirowa a cikin inuwa, kamar Saxifraga umbrosa na duwatsun da suka raba Faransa da Sifaniya, domin sunan ya sanar da mazaunin da rayuwar tsiron ta dogara a kansa.

Buƙatar ɗan Adam ga inuwa ba ta gaza ta tsiro ba, musamman a Abuja, inda zafi ke tsananta daga Fabrairu zuwa Afrilu. Bishiya tana sanyaya wuri ta hanya biyu: ganyenta yana tare hasken rana, sannan yana fitar da danshin da ke rage zafin iska, alhali kwalta da kankare suna haɗiye zafi da rana su amayar da shi da dare. Saboda haka tsarin birnin na 1979 ya keɓe filayen shuke-shuke, kuma lambun Millennium da aka buɗe a Maitama a 2003 yana cikin amfanin wannan tunani.

Sai dai duk maɗaci ko mangwaro ko dogon yaro da aka sare don gina rukunin shaguna, asararsa tana faɗawa ne a kan mai jiran mota da mai shayi da ɗan dako, kuma dabinon ado da ake maye gurbinsa da shi inuwar giginya ce, na nesa ka sha.

Don haka ana kira ga hukumomin Babban Birnin Tarayya su kare filayen da aka keɓe, magidanta kuma su dasa bishiya mai faɗin rassa da faɗuwar damina, su ci gaba da ba ta ruwa har ta kafu.