Jawabi ga sabbin shugabannin rassa: Shugaba garso ne

Muna yi wa waɗanda aka zaɓa barka, muna kuma tuna musu cewa kaya ne aka ɗora musu.

Mu makiyaya ba a biro muka fara sanin shugabanci ba. Tun kaka da kakanni muna da ruga, muna da garso. Garso shi ke yin gaba ya dubo ciyawa da ruwa, ya komo ya faɗa wa mutane abin da ya gani. In ya yi ƙarya, garke ya halaka. Shugaban reshe haka ya kamata ya zama. Sai dai hanyar da zai dubo yau, har cikin takarda ta ratsa.

Na farko, ya san doka. Dokar 1961 ta sa iyakar noma ta arewa. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kawo hukumomin kula da filaye, waɗanda ake ce wa Cofo, kuma makiyaya suna da kujera cikinsu. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Amma in an cinye burtali, an shuke bakin mashaya, wakilinmu kuma ya zauna cikin Cofo bai san ko aya guda ba, mi dokar ta amfana mana? Wanda bai iya karatu ba, ya sa a karanta masa da Hausa ko Fillanci, ya riƙe. Neman sani ba abin kunya ba ne ga mai furfura.

Haka batun ƙetare iyaka. A 1998 CEDEAO ta kafa takardar shaidar ƙetara iyaka da bisashe. A watan Janairu na 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO. Saboda haka kafin garke ya nufi Najeriya, shugaba ya je ma'aikatar kiwo ya tambayo takardun da ake bukata. Kada ya tura mutane bisa tsohon labari.

Na biyu, kuɗi. Fatake sun sani, ciniki ba shaida rigima ne. Duk dala da ta shiga asusu, ma'aji ya rubuta, a ba da rasit, a karanta lissafi gaban taro. Shugaba kada ya riƙe kuɗi a aljihunsa. Reshe da yawa ba fari ya kashe su ba, zargi ne.

Na uku, haƙuri da gaskiya. Babba juji ne. In shanunmu suka yi ɓarna kafin a saki gonaki, shugaba ya riga kowa zuwa wurin mai gari, a duba gonar, a biya diyya. Wanda ke kare mai laifi don nasa ne, ranar da aka zalunce mu ba mai saurarensa. Ba mu mance da Toda ba, cikin jihar Maradi, inda a watan Oktoba na 1991 aka kashe mutum fiye da 100, akasari mata da yara. Gobara tun tana ƙarama ake kashe ta.

Na huɗu, magaji. Garso ba ya tafiya shi kaɗai, yana ɗaukar saurayi ya koya masa hanya. Ku tafi da matasa zaman sulhu, ku ba su rubutun rahoto. Mata masu sayar da nono su ma a ba su kujera cikin kwamiti. In wa'adi ya cika, a yi zaɓe, a miƙa littafi da hatimi ba gardama.

Kafin taro mai zuwa, kowane reshe ya kawo mana littafin kuɗinsa, da sunayen burtalan da aka toshe a yankinsa, da sunan matashi guda da yake koya wa aiki.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mana dukiyarmu.