Jawabi Kan Shirya Takardun Kwamfuta Domin Ɗab'i da Ajiya



Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, aikin takarda bai daina ƙaruwa a birnin Gombe ba. Ma'aikatu suna fitar da rahotanni, kotuna suna rubuta hukunci, ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, suna haɗa kundin bincike. Kusan dukan wannan da kwamfuta ake yinsa. Manufar wannan jawabi ita ce a fahimtar da ma'aikata da sauran jama'a cewa takardar da za a kai maɗaba'a da wadda za a ajiye domin 'yan baya, kowace da irin shirinta.

Siffar da aka fi amfani da ita ana kiranta PDF. Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da ita a 1993, kuma a 2008 Hukumar Ma'auni ta Duniya, watau ISO, ta karɓe ta. Amma PDF iri-iri ce. A lokacin da ma'aikaci zai fitar da takardarsa, kwamfuta takan ba shi zaɓi, kuma a nan ne ake yin kuskure ko a dace.

Takardar Maɗaba'a

Ma'aunin ɗab'i shi ne PDF/X. Dalilinsa kuwa, allon kwamfuta yana haɗa launi da haske iri uku: ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuma da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, da ja mai sirki, da rawaya, da baƙi. Idan ba a daidaita wannan ba, koren tutar Nijeriya da ya yi kyau a allo yakan fito a dushe a kan takarda. PDF/X-1a, na shekarar 2001, yana tilasta a mayar da launuka zuwa na tawada tun daga ofis. PDF/X-4, da ya biyo baya a 2008, ya fi sassauci, ya kuma dace da sababbin injuna. Saboda haka wajibi ne a tambayi mai maɗaba'a wanda injinsa ke karɓa kafin a kai masa aiki.

Haka kuma hoto ya kasance yana da ɗigo 300 a kowane inci, domin wanda aka sauko da shi daga waya yakan fashe idan aka buga. In launi zai kai bakin shafi, sai a bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka.

Takardar Ajiya

Ma'aunin ajiya shi ne PDF/A, wanda aka fara fitarwa a 2005, aka sabunta a 2011 da 2012 da 2020. Sharaɗinsa shi ne takarda ta ɗauki dukan abin da take bukata a cikinta. Ba a yarda a kulle ta da kalmar sirri ba, domin wanda ya san kalmar zai iya barin aiki ko ya rasu. Haka nan ba ta dogara da wani fayil na waje. Takardar fili, da hukuncin gado, da sakamakon jarrabawa, duk wannan ma'auni ya kamace su.

Haruffa Masu Lanƙwasa

Ga abin da ya fi shafar mai rubutu da Hausa. Ma'aunan nan biyu sun wajabta a cusa samfurin haruffa a cikin fayil ɗin kansa. Idan ba a yi haka ba, aka buɗe takardar a wata kwamfuta da ba ta da wannan samfuri, sai ɓ da ɗ da ƙ su sauya kama ko su koma akwatunan banza. Akawu ya zo gyara da gaggawa, ya mayar da ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa. A takardar shari'a, wannan ya isa ya haddasa jayayya tsakanin magada.

Darasi Daga Tarihi

Hedikwatar masarautar da Buba Yero ya kafa ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Gombe ta yanzu a 1919. Mai son sanin yadda aka gudanar da mulkin wancan zamani, Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna yake nufa, domin akwai waɗanda suka adana fayilolin. Takardar da, gara da ruwan damina ne abokan gabarta. Ta yau kuwa, lalacewar na'ura da sauyin manhaja ne ke cinye ta, kuma ba a ganin alama sai ranar bukata.

Don haka ana kira ga kowane shugaban ofis ya umarci a fitar da kowace muhimmiyar takarda sau biyu, ɗaya ta ɗab'i, ɗaya ta ajiya. A rubuta wa fayil suna da kwanan wata, a yi kwafi uku, a ajiye ɗaya a wani gini dabam, a kuma riƙa buɗe su ana dubawa kowace shekara. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Allah ya taimaki Nijeriya. Wassalam.