Kuɗin Gwamnati da Gine-ginen Tarihin Sakkwato: Me Za Mu Nema, Yaya Za Mu Nema?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



An ɗora mana nauyin yin magana a kan tallafin gwamnati domin gyara da adana gine-ginen tarihi. Wani zai ce, ina ruwan Minanata da wannan, alhali magudanan ruwa da makaranta ne damuwarmu? Gaskiya ne unguwarmu ba ta kai Ƙofar Rini ko Ƙofar Taramniya tsufa ba. Amma duk ɗanmu da ke zaune a wani gari, idan aka tambaye shi daga ina yake, Birnin Shehu yake cewa. Wanda ke cin albarkacin suna kuwa, wajibi ne ya taya riƙon gidan.

Muhammadu Bello ya kafa wannan birni a 1809. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a cikinsa a 1817, hubbarensa kuma na nan ana ziyarta har gobe. Baturen nan Kilafatin, wanda ya zo a 1824, ya tarar da birni kewaye da doguwar ganuwa. To, ina ganuwar a yau? Sunayen ƙofofi sun tsira, Ƙofar Atiku, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe da sauransu, amma ganuwar kanta ruwan sama ya ci rabonsa, mu ma mun ci namu, domin da ƙasarta aka yi tubalin gidaje da yawa.

Hanyoyin samun kuɗi ba ɓoyayyu ba ne. Akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa. Ita ke da ikon sa gini cikin jerin kayan tarihin ƙasa, kamar yadda aka yi wa kufan Surame a 1964. A jiha akwai kasafin kuɗin ma'aikatar al'adu da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, akwai kuma ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Daga ƙetare, Asusun Jakadun Amurka na adana al'adu, wanda aka kafa a 2001, ya taɓa tallafa wa aiki a kurmin Osun-Osogbo. Duk waɗannan ƙofofi abu ɗaya suke tambaya kafin su buɗe: takarda. Wane gini ne, wa ya gina shi, wa ke da shi, ina hotonsa, ina awonsa, nawa gyaran zai ci? A nan muke faɗuwa. Mun iya kuka a majalisa bayan sallar isha'i, ba mu iya cika fayil ba.

Sai dai, 'yan uwa, abin da ya fi ba mu tsoro ba rashin kuɗin ba ne, zuwansa ne ta hanyar da ba ta dace ba. A farkon shekarun 1960, zamanin Sardauna, aka sake gina Masallacin Shehu da Masallacin Bello da ginin zamani. An yi da kyakkyawar niyya, jama'a sun ƙaru, kuma Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Amma ginin ƙasar da magabata suka ɗora da hannunsu ya tafi, ba mai iya nuna wa jikansa shi. Haka kuɗin gwamnati ya saba zuwa: da ɗan kwangila, da buhunan siminti, da ranar yanke kyalle. Idan aka shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, sai bango ya ruɓe daga ciki, fuskarsa kuwa tana sheƙi. Kowane tsohon magini ya san wannan, ba a dai tambayarsa ne.

Ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, ba a ba shi abincin shekara goma a rana ɗaya. Yana son yaɓe kafin kowace damina, da makuba, da gyaran indararo, da a duba azara ko gara ta shiga. Kasafin gwamnati kuwa ya san babban aiki na lokaci ɗaya, bai san ƙaramin aikin kullum ba. Mun ga ƙarshen sakaci a Zariya cikin watan Agusta na 2023, lokacin da wani sashe na Masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani tun shekarun 1830, ya rufta wa masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya gafarta musu. Tun daga ranar, batun adana tsohon gini ya daina zama na masu sha'awar tarihi kaɗai.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. A Yama ta jihar Tawa, ƙetaren iyaka kaɗan, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962 da taimakon mutanen gari, masallacin kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. A Tambutu, hubbarorin waliyyan da aka rusa a 2012, maginan garin ne suka sake ɗaga su da kuɗin tallafi. Kuɗi ya zo daga waje, amma hannu na gida ne.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara ta kafa kwamiti na mutum biyar daga cikin 'ya'yanta, a sa masanin zanen gini da lauya da malamin tarihi, waɗanda, alhamdu lillahi, muna da su zaune a wannan zaure. Su fara da neman izinin fada da na masu gidajen, domin gidan gado ba a shigarsa da ma'auni ba tare da sallama ba. Su zaɓi gini ɗaya tak, soro ko zaure mai ɗaurin guga da ke tsaye har yanzu, su ɗauki hotonsa, su auna shi, su rubuta tarihinsa daga bakin dattawa. A cikin takardar neman tallafi a rubuta ƙarara cewa magina na gargajiya ne za su jagoranci aikin, kuma samari za su koya a hannunsu. Kuɗin yaɓen shekara-shekara kuwa kada mu jira kowa, mu ware shi daga gudummawar 'ya'yan ƙungiya, mu kuma faɗa wa masu ba da tallafi cewa mun ware.

Muna roƙon kwamitin ya kawo rahotonsa na farko kafin faɗuwar ruwan bana.