Kalmar "Charge" ta Ingilishi da Yadda Ta Zama "Caji" a Bakin Bahaushe



An roƙe ni in yi magana a kan wata kalma guda ɗaya ta Ingilishi, ni kuwa na zaɓi "charge", domin ban san wata kalma da ta fi ta yawo a wannan gari ba. Wanda ya ratsa Barnawa da ƙafa zai ji ta a bakin mai shagon cajin waya, ya ji ta a bakin mai gyaran batir, in kuma tsautsayi ya kai shi wurin 'yan sanda ya ji ana cewa caji ofis. Ma'aikaci kuwa yana cin karo da ita kullum a cikin fayil, wani lokaci da ma'anar girma, wani lokaci da ma'anar da za ta hana shi barci.

Bari mu fara da asalinta. Mutanen Gol, wato mazauna ƙasar Faransa ta dā, suna da wata irin amalanke, Rumawa suka ari sunanta suka ce "carrus". Daga nan aka sami aikatau "carricare" a Latin na baya-baya, ma'anarsa a yi wa amalanke lodi. Shi ne ya zama "charger" a Faransanci, ya kuma ƙetara zuwa Ingila bayan da mutanen Normandi suka ci ƙasar a 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a. Kalmomin "car" da "cargo" da "carry" duk 'yan gida ɗaya ne da ita. Saboda haka ma'anarta ta fari ita ce kaya, abin da ake ɗorawa.

To, wanda ya riƙe wannan ba zai ɓata ba, domin sauran ma'anonin duk ɗori ne. In an ɗora maka aiki, "charge" ne. In an ɗora maka kuɗin da za ka biya, "charge" ne. In an ɗora maka laifi, shi ne dai. Bindiga ma da aka ɗura wa albarushi an yi mata lodi ne, kuma da masana irin su Benjamin Franklin na Amurka suka shiga binciken lantarki wajen 1747, sai suka ɗauki wannan kalma suka ba ƙarfin da ake tarawa a cikin kwalbar gwaji. Daga can cajin batir ya samo asali. Akwai kuma ma'anar sukuwar mahaya su afka wa abokan gaba, amma wannan ba ta dame mu yau ba.

Abin sha'awa shi ne Bahaushe ya bi wannan hanya tun kafin ya ga Bature. Muna cewa an ɗora masa laifi, an ɗora wa gari haraji, ya ɗauki nauyin marayu, abin ya rataya a wuyansa, ya sauke nauyin da ke kansa. Wannan na ƙarshe shi ne daidai abin da Bature yake nufi da "discharge" a maganar aiki. Ashe ke nan ba talaucin harshe ne ya sa muka ari caji ba. Kalmar ta shigo ne tare da abubuwan da suka zo da ita, wato ɗan sanda da kotu da mota, kuma gari irin Kaduna, wanda ya zama hedkwatar Jihar Arewa a 1917, ya tara soja da ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna, ya isa ya zama babbar ƙofar irin wannan aro.

Ina so ɗaliban Hausa su lura da abin da harshe ya yi wa baƙuwar bayan ta sauka. A Hausa "z" takan koma "j" in ta zo kafin "i" ko "e": kaza, kaji; ya ciza, ya ciji yaro, ya cije. Da Bahaushe ya ji "caji", sai kunnensa ya ɗauka cewa "j" ɗin nan asalinta "z" ce, ya ƙago aikatau "caza", wanda babu mai kama da shi a Ingilishi. Haka ya yi wa canji ya fitar da canza. Yau har muna cewa lissafin nan ya caza mini kai. Muna kuma cewa 'yan sanda sun caje mota, alhali Bature "search" zai ce a nan. A ganina kalmomin biyu ne suka haɗu a kunne suka zama ɗaya, tun da a wuri ɗaya ake jin su, daga bakin mutum ɗaya.

Yanzu sai in juyo gare ku, ma'aikata, domin a nan ne kuskure yake da tsada. Akwai "in charge of", akwai kuma "in the charge of". 'Yar kalmar "the" kaɗai ta raba su, amma ta juya maganar gaba ɗaya. Na farko shi ne mai kula, na biyu shi ne wanda ake kula da shi. A asibitin masu taɓin hankali na Tarayya da ke nan Barnawa, alal misali, likita shi ne "in charge of" majiyyaci, majiyyaci kuwa yana "in the charge of" likita. Akawun da ya musanya su a takardar miƙa aiki ya rubuta cewa sito ne yake kula da ma'aji. Haka kuma "charged with" baki biyu gare ta: in aiki ya biyo bayanta, an danƙa wa mutum amana ne, in sata ta biyo baya, an gurfanar da shi. Sai an karanta jimla har ƙarshe kafin a yi murna ko a yi jaje. Ga kuma "surcharge", wadda a Dokokin Kuɗi na gwamnati take nufin a sa ma'aikaci ya biya asarar da sakacinsa ya jawo, galibi daga albashinsa. Wanda ya fassara ta da ƙarin kuɗi kawai bai gaya wa mai ita abin da ke jiransa ba.

Amma inda abin ya fi nauyi shi ne kotu. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi dole a sanar da shi laifin dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotun. Wato 'yancin mutum yana iya rataya a kan kalmar da tafinta ya zaɓa. Zargi daban, tuhuma daban. Zargi kowa yana iya yi a bakin kasuwa, tuhuma kuwa ita ce "charge", laifi ne da aka rubuta, aka ambaci sashen dokar da aka karya, aka karanta wa mutum domin ya amsa ko ya musa. Kuma sashen nan ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Don haka ɗan jaridar da ya mai da "he was charged" ya zama "an same shi da laifi" ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba.

Sa'an nan ga "discharged" da "acquitted". Mu duka biyun mukan ce an sallame shi, kamar yadda ake sallamar majiyyaci ko soja. To, sallama kawai tana iya zama don mai gabatar da ƙara ya janye, ko shaidu ba su zo ba, kuma a irin wannan hali ana iya sake kamo mutum a kan maganar nan. Wanda aka ce masa "discharged and acquitted" shi ne aka sallama aka kuma wanke, shi ne kuma sashe na 36 ya hana a sake yi masa shari'a a kan laifin, sai fa in babbar kotu ta ba da umarni. Mutum yakan koma gida a yi ta barka, har a yanka rago, bai san cewa fayil ɗinsa a buɗe yake ba, don tafinta ya haɗa kalmomi biyu ya ba shi ɗaya.

Turancin Nijeriya ma ya yi nasa ƙarin. A harabar kotunan majistare akan ji ana kiran wani lauya "charge and bail", wato wanda ba shi da aiki sai jiran a kawo mutum ya nema masa beli a sallame shi da ɗan abin da ya samu. Baƙar magana ce, lauyoyi ba sa son ta, kuma in ka faɗe ta a Landan sai ka yi bayani kafin a gane ka.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.