JAWABI: YADDA AKE GINA FILIN JIRGIN SAMA

Jama'ar Tambuwal da Kebbe,

Duk shekara maniyyata daga waɗannan garuruwa sukan tafi Sakkwato, su hau jirgi a filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Amma kaɗan ne suka san yadda ake gina irin wannan fili.

A 1925 jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, a Kano. Lokacin babu titin jirgi, a filin dawaki ya sauka. Shi kuwa titin Sakkwato, tsawonsa kilomita 3 ne.

Da farko ma'aikata sukan nemi shimfiɗaɗɗen wuri. Sai su duba inda iska ta fi fitowa, domin jirgi yakan fuskanci iska wajen tashi da sauka. Daga nan su share ƙasa, su zuba marmara da tsakuwa, su daddaɓe, su malala kwalta. Sukan haƙa magudanar ruwa, su kafa fitilu, su kewaye wurin da waya saboda dabbobi.

Duk wannan aikin awo ne da lissafi. Wanda bai iya karatu ba, sai dai ya ɗauki kaya.

Yara a ƙauye sukan ƙera jirgi da karan dawa, su share masa titi a ƙasa. Kada iyaye su kore su, su ce shiririta ce. A sa su makaranta. Akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.