Siyad Barre, Janar Abacha, da Yadda Kano Za Ta Auna Ɗanta

 

Ranar 2 ga Janairu 1995 wani dattijo ɗan gudun hijira ya rasu a Legas. Shi ne Muhammad Siyad Barre, sojan da ya riƙe Somaliya shekara 21. Najeriya ce ta ba shi mafaka a 1992, kuma ranar da ya cika, mai mulkin ƙasar nan ɗanmu ne, haifaffen Kano, Janar Sani Abacha.

Barre ya ƙwaci mulki ranar 21 ga Oktoba 1969. A 1972 ya sa aka tsayar da rubutun harshen Somali da baƙaƙen boko, a 1974 kuma ya tura ɗalibai karkara su koya wa makiyaya karatu. Shi ne dai a 1975 ya sa aka harbe malaman addini goma saboda sun soki dokar iyali da ya kafa, a 1988 jiragen yaƙinsa suka ragargaza garin Hargesa. Da ya tsere daga Mogadishu a Janairun 1991, ƙasar ta wargaje. Har gobe Somaliyawa ba su daidaita a kansa ba. Mutumin yankin Gedo, inda aka binne shi, yana tuna makaranta, mutumin Hargesa yana tuna kabari.

Mu ma muna da irin wannan gardama, kuma a ƙofar gidanmu take. An haifi Abacha a Kano a 1943, ya yi sakandare a makarantar da yau ake kira Kwalejin Rumfa, filin wasan Ƙofar Mata sunansa yake ɗauke da shi, kuma a garin nan aka yi masa sutura ranar 8 ga Yuni 1998. Da muryarsa aka sanar da kifar da gwamnatin Shagari a ƙarshen 1983. Ranar 17 ga Nuwamba 1993 ya kawar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan, ya hau da kansa.

Ku zauna a majalisar dattawa a Kurmi ko Mandawari, za ku ji ana cewa a zamaninsa talaka ya san farashin abu, kuma ana kwana da ido biyu rufe. Ban ɗauki wannan magana da wasa ba. Litar fetur ta tsaya a naira 11 tun daga 1994. Da rarar kuɗin man aka kafa asusun PTF ƙarƙashin Janar Buhari, mutane suka ga magani a asibiti, suka ga kwalta da kujerun makaranta. Ranar 1 ga Oktoba 1996 ya ƙirƙiro jihohi shida, cikinsu har da Zamfara, Gombe da Nasarawa, suka cika 36. Sojojinmu suka mayar da Shugaba Tijan Kabba kan kujerarsa a Saliyo a 1998. Wanda ya sha maganin PTF ya warke ba ƙarya yake yi ba.

To amma akwai sauran lissafin. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas na Ogoni, bayan shari'ar da ba a ba su damar ɗaukaka ƙara ba, ƙungiyar Commonwealth ta dakatar da Najeriya. An tsare ɗan siyasa Abiola a 1994, bai fito da rai ba. An harbe matarsa Kudirat a titin Legas a Yunin 1996. Nakan ji ana cewa duk wannan sharrin jaridun Kudu ne. To, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa fa? Bakatsine ne, namu ne, a kurkukun Abakaliki ya rasu ranar 8 ga Disamba 1997. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi fa, da aka tuɓe a Afrilun 1996 aka kai shi Zing a jihar Taraba? A Afrilun 1998 jam'iyyu biyar da gwamnati ta yi wa rajista duk suka tsayar da mutum ɗaya takara, wato shi Janar ɗin.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Daga cikin kuɗin da aka fitar waje lokacin mulkin Abacha, gwamnatin Siwizalan ta dawo da kusan dala miliyan 500 a zamanin Obasanjo, ta ƙara dala miliyan 321 a zamanin Buhari. A 2020 aka karɓo sama da dala miliyan 300 daga tsibirin Jersey da Amurka, aka ware su ga manyan ayyuka uku, ɗaya daga ciki hanyar Abuja zuwa Kano da muke bi. Wasu na cewa ajiya ya yi wa ƙasa don gudun takunkumin Turawa. Ni ban gamsu ba. Ajiyar ƙasa da sunan Babban Banki ake yin ta, ba da sunayen kamfanoni da asusun iyali da abokai ba, kuma ba ta buƙatar shari'ar shekara 20 kafin ta dawo hannun mai ita.

Na san abin da ke zukatan wasunku. An hore mu da ambaton mamaci da alheri, kuma so hana ganin laifi. Ina roƙa wa Janar gafarar Allah kamar yadda nake roƙa wa kowane Musulmi. Sai dai sirrin mutum daban, amanar jama'a daban. Wanda ya riƙi dukiya da rayukan al'umma guda, aikinsa ya zama haƙƙin bayi, dole a faɗe shi don na baya su ji. Kakanninmu ma haka suka yi. Littafin Tarihin Kano da aka rubuta a birnin nan ya yabi jaruntakar Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma ya rubuta cewa harajinsa ya kusa kashe kasuwar Kurmi, har Larabawa suka tashi suka koma Katsina. Marubucin bai ga ya ci amanar Kano ba don ya faɗi duka biyun.

Hukuncina shi ne, ayyukan Abacha na alheri gaskiya ne, amma ba su biya jinin da aka zubar ba, ba su wanke dukiyar da aka fitar ba. Zaman lafiyar da ya rataya a wuyan mutum ɗaya da bindigarsa ba ya daɗewa. Somaliya ta gani a 1991, mu kuwa Allah ya kiyaye mu, ba dabararmu ba.

Roƙona ga malaman tarihi na Jami'ar Bayero, da ma'aikatan Gidan Makama da na Mambayya, shi ne su tura ɗalibai da rikoda yanzu. Waɗanda suka yi aikin PTF suna raye, waɗanda suka kwana a kurkuku a shekarun nan biyar suna raye, 'yan kasuwar da suka yi layin mai a 1997 suna raye. A ɗauki bakin kowa, a rubuta da Hausa, a sa a hannun 'ya'yanmu kafin masu shaidar su ƙare.