Malami Ya Gani, Ya Yi Shiru: Wajibcin Kai Rahoton Cin Zarafin Yara a Makarantunmu

 Shugaban taro, iyayen ƙasa, jami'an ma'aikatun ilimi da shari'a da harkokin mata, 'yan'uwana malaman makaranta. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka a yi mini afuwa in shiga magana kai tsaye.

Abin da na zo nema abu ɗaya ne, kuma wasu daga cikin jami'an da ke zaune a nan sun sha jin sa daga bakina. Ina so doka ta wajabta wa duk mai aiki a makaranta, tun daga shugaba har zuwa mai gadi, cewa idan ya ga alamar ana cutar da yaro, ya kai rahoto ga hukumar da ke wajen makarantar cikin kwana ɗaya. Wanda ya gani ya yi shiru ya fuskanci hukunci, wanda kuma ya faɗa da zuciya ɗaya doka ta kare shi.

Ba zan ɓata muku lokaci da tarihin dokokinmu ba, kun san shi. An yi Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya a 2003, aka yi dokar hana cin zarafin jama'a a 2015. Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018, Kano ta sa hannu a kan tata a watan Mayun 2023 bayan dogon ja-in-ja. Sashe na 31 na dokar 2003 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi lalata da yaro. A 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, a shekarar kuma Kaduna ta ƙara da hukuncin dandaƙa. Ta wajen tsananin hukunci babu abin da muka rasa. Amma alƙali ba ya yanke hukunci a kan abin da bai zo gabansa ba, kuma nan ne ɓarakarmu take. Mun gina ƙarshen hanya, mun bar farkonta.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Gida-gida aka bi, aka tattauna da matasa sama da 4,000, maza da mata, masu shekara 13 zuwa 24, a kan abin da ya same su suna yara. Ga abin da aka samu. Yara 6 cikin 10 suna fuskantar wani nau'i na cin zarafi kafin su kai shekara 18. Rabin yara suna shan duka ko azabar jiki. Yarinya 1 cikin 4 da yaro namiji 1 cikin 10 ana cin zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka samu wani taimako daga hukuma ko asibiti a cikin duk waɗannan ba su kai 5 cikin 100 ba.

Ina so malaman da ke nan su ɗauki waɗannan alƙaluma su shiga da su aji. A ce ajinka na da ɗalibai 60, mata 30 maza 30, wanda a makarantun gwamnatinmu ma ƙaramin aji ne. In aka bi wannan lissafi, 36 daga cikinsu za su ɗanɗani cin zarafi kafin su girma. 'Yan mata 7 ko 8 da samari 3 za a taɓa mutuncinsu. A cikin 36 ɗin nan, waɗanda taimako zai isa gare su ba su kai biyu ba. Su ne yaran da kake kiran sunayensu a rajista kowace safiya.

Binciken bai tsaya nan ba. Ya nuna cewa galibin masu cutar da yaran mutane ne da yaran suka sani: iyaye, dangi, maƙwabta, abokan karatu. Ya nuna cewa ga mafi yawan yaran abin ba sau ɗaya yake faruwa ba, maimaituwa yake yi. Ya nuna cewa waɗanda suka buɗe baki, ƙawa ko wani ɗan'uwa suka faɗa wa, maganar kuma ta tsaya a nan. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: a cikin manyan da ba 'yan gida ba, malamai maza ne suka fi yawa a jerin waɗanda suka fara yi wa yara azabar jiki.

Ku haɗa waɗannan abubuwa ku ga inda suka kai mu. Tunda abin maimaituwa yake, duk ranar da aka jinkirta rahoto wata dama ce aka ƙara wa azzalumi. Tunda mai cutarwar sau da yawa ɗan gida ne, ba za a zauna jiran gida ya kai ƙarar kansa ba. Tunda yaro ba ya zuwa wurin hukuma da ƙafarsa, dole wani babba ya je a madadinsa. To wane babba ne, ba ɗan gida ba, yake ganin yaron nan kwana biyar a mako, ya san fuskarsa da rubutunsa da yadda yake wasa? Malami ne. Shi zai fara lura yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ta koma ta ƙarshe, ko yaron da ya kasa zama a benci, ko wanda ke ƙin tafiya gida bayan an tashi, ko 'yar aji uku da ke furta maganar da ta fi ƙarfin shekarunta. Sannan tunda wani lokaci malamin ne da kansa mai laifin, bai kamata rahoto ya ƙare a ofishin makaranta ba.

Wani jami'i ya taɓa ce mini binciken ya tsufa, kuma na ƙasa baki ɗaya ne, ba na jiharsa ba. Na ce masa to ya yi sabon bincike. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shekarar yaƙi da cin zarafin yara a Satumban 2015 a kan wannan binciken. Wanda yake ganin jiharsa ta fi haka tsabta, hujja a kansa take.

A nan ne saɓanina da ma'aikatun ilimi yake. Duk sanda na ɗaga maganar nan sai a nuna mini manufar tsaron makarantu da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2021, ko wata takardar umarni da aka raba wa shugabannin makarantu. Manufa abu ce mai kyau, amma babu kotun da za ta hukunta mutum don ya saɓa wa takardar umarni. Kuma tsarin da aka saba da shi shi ne malami ya faɗa wa hedimasta, hedimasta ya faɗa wa sakataren ilimi, a yi ta hawa. Kowa a ɗakin nan ya san yadda hawan yake ƙarewa. In makarantar kuɗi ce, mai makaranta zai fara tunanin iyaye nawa za su janye 'ya'yansu, sai a sallami malamin a asirce, wata mai zuwa ya samu aiki a unguwa ta gaba. In ta gwamnati ce, sai a canza masa wurin aiki, a kai shi ƙauye inda babu mai sa ido. In mai laifin ɗan gida ne ko mai hali ne, sai a kira dattawa a yi sulhu, a ce a rufa asiri kada a ɓata wa yarinya suna, a ba da kuɗin magani, a bar wa Allah. Ba a yi wa yarinyar nan sulhu ba, an sayar da haƙƙinta ne ba tare da an tambaye ta ba.

Mu kuwa sai abu ya ɓaci muke motsi. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane kimanin 300, da yara a cikinsu, daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Akwai masu koyarwa a wurin, kuma duk sun gani. A Janairun 2022 Kano ta girgiza da kisan wata yarinya 'yar shekara biyar a hannun mai makarantarsu, gwamnati ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu gaba ɗaya don a sake tantance su. An yi fushi, an yi kuka, an yanke hukunci. Amma har yau ku tambayi malamar aji ɗaya wa za ta kira in ta ga jini a kayan ɗaliba, ku ji amsar da za ta ba ku.

Abin da nake nema ba baƙon abu ba ne. A Amurka, bayan likita Henry Kempe da abokan aikinsa sun wallafa bincikensu a kan yaran da ake azabtarwa a 1962, shekara biyar kacal aka yi duk jihohin ƙasar suka kafa dokar kai rahoto. Dokar Yara ta Afirka ta Kudu ta 2005, a sashe na 110, ta jero masu wannan nauyi ɗaya bayan ɗaya, har da malamin makaranta da malamin addini da basarake. A jihar Ostareliya ta Yamma, da dokar ta fara aiki a 2009, adadin yaran da bincike ya tabbatar an yi lalata da su ya ninka biyu. Yaran suna nan tun da can, gano su ne ba a yi ba. A nan gida ma, Legas ta fitar da umarnin gwamna a kan wajibcin kai rahoto tun 2014. Ma'aunina ga kowace dokar jiha shi ne: ta ambaci malami da sunan aikinsa? Ta faɗi wa zai kai wa, kuma cikin awa nawa? Dokar da ta ce kowa ya kai rahoto ba ta ɗora wa kowa nauyi ba.

Na san abin da masu ja suke cewa, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Wasu na cewa addini ya yi umarni da suturta asirin Musulmi, kuma akwai haddin ƙazafi. Suturtawa ana yin ta ne ga wanda ya yi saɓo tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ga wanda ke zaluntar mai rauni kuma zai sake ba. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci, da neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin jama'a daga sharri. Kuma malamin da ya ce ya ga rauni kaza a jikin ɗaliba, ta kuma faɗa masa kaza, bai jefi kowa da zina ba. Abin da ya gani ya faɗa, bincike kuma na hukuma ne. Wasu na cewa za a cika ofisoshi da rahoton ƙarya. Wanda ya ƙirƙiri sharri da gangan doka ta hukunta shi, wannan ba ya hana mai gaskiya magana. Wasu na cewa ba mu da isassun jami'an jin daɗin jama'a. Gaskiya ne, amma ba za a taɓa ɗaukar su ba muddin babu rahoton da zai nuna ana buƙatarsu.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda masu son sulhu ba sa tunawa da ita. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau bayan fyaɗe cikin awa 72 ake fara shi, in ya wuce haka an makara. Shaidar da likita zai tattara ma ɓacewa take yi da wanka da wanki. Muna da wuraren zuwa: cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, cibiyoyin Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan, cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Kwana ukun da ake ɓatawa ana zaman dattawa su ne kwana ukun da lafiyar yarinyar ta rataya a kansu.

Ga shawarwarina.

Na farko, majalisun jihohi su rubuta wajibcin ƙarara, ya haɗa makarantun gwamnati da na kuɗi da Islamiyyu da tsangayu, ya haɗa malami da mai kula da ɗakin kwana da direba da mai gadi. Zato mai dalili ya isa, ba sai an tabbatar ba.

Na biyu, rahoto ya tafi kai tsaye ga jami'in jin daɗin jama'a ko 'yan sanda cikin awa 24. Sanar da shugaban makaranta ladabi ne, amma ba ya sauke nauyi.

Na uku, a ɓoye sunan mai rahoto, kuma korarsa ko canza masa wurin aiki saboda rahoton ya zama laifi. Malamar da albashinta ke hannun mai makaranta ba za ta yi magana ba sai ta san akwai mai tsaya mata.

Na huɗu, hukunci mafi nauyi ya hau kan shugaba ko mai makarantar da ya danne rahoto ko ya shirya sulhu. A ƙwace lasisinsa.

Na biyar, duk malamin da kotu ta kama da laifi, Hukumar Rajistar Malamai ta soke sunansa, a sa shi a rajistar masu laifin fyaɗe da hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ta buɗe a 2019, kuma kada a ɗauki kowa aikin makaranta sai an duba ta.

Na shida, kwalejojin ilimi su koyar da alamun cin zarafi da yadda ake sauraron yaro ba tare da yi masa tambayoyin ƙure ba, a kuma manna lambar waya mai aiki a kowane ofishin malamai.

'Yan majalisar da ke nan, wannan gyara bai wuce shafi biyu ba, ku kai shi zauren majalisa a wannan zangon. Ku kuma 'yan'uwana malamai, kada ku jira doka. Iyaye amana suka ba mu, kuma za a tambaye mu a kanta. In kun ga alama, ku rubuta abin da kuka gani da ranar da kuka gani, ku kai yaron asibiti, ku sanar da hukuma a ranar.